Gidajen da Ba a Kunna Fitilarsu: Ƙorafi a Kan Sayen Gidan Hutu a Bakin Tafkin Taho

A can kan tsaunukan Siyera Nebada, daidai iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada, akwai wani tafki da Amurkawa ke rubuta sunansa Tahoe, su furta shi Taho. Bahaushe in ya ji sai ya ɗauka kiransa ake yi, kuma bai yi kuskure sosai ba, domin shekara da shekaru aikin dillalan gidajen yankin ke nan: taho ka gani, taho ka saya. Asalin sunan kuwa daga harshen Washo ya fito, mutanen da ke cin rani a bakin ruwan tun kafin zuwan Turawa, kuma ma'anarsa a wurinsu "tafki" ce kawai. Yana kan tudun da ya kai mita 1,897 sama da teku. Tsawonsa kilomita 35 ne, faɗinsa 19, zurfinsa mita 501, kuma a duk Amurka tafki ɗaya ne ya fi shi zurfi. Daga San Faransisko tafiyar awa huɗu ce a mota in hanya ta yi kyau. Wannan kusancin shi ne arzikin wurin, shi ne kuma masifarsa.

Na zaɓi Taho ne don a can aka fi ganin abin da nake son magana a kai a fili, ba don shi kaɗai ne ba. Abin kuwa shi ne wannan buri da ya zama alamar an isa ga duk mai albashi mai tsoka a ƙasashen Yamma, wato mallakar gida na biyu a bakin tafkin tsauni, wanda za a riƙa zuwa a huta, a kulle, a koma birni. Ana tallarsa da sunan ƙaunar wuri, ana kuma kiransa ajiyar dukiya ta mai hankali. Ni dai a ganina ciniki ne da yake cin abin da aka saya, kuma yawancin kuɗinsa ba mai sayen ne ke biya ba. Gidan da aka kulle wata goma a shekara, a garin da ba shi da filin ƙara wani, ya daina zama al'amarin mai shi kaɗai.

Sai mun fara da ƙasar kanta, don duk gardamar a kanta take. Tafkin yana cikin wani kwari ne da duwatsu suka kewaye kamar akushi. Ƙoramu 63 ne ke kwarara cikinsa, kogi ɗaya tak, Truckee, ke fitar da ruwa, saboda haka abin da ya faɗa ciki yakan yi ɗaruruwan shekaru bai fita ba. An taɓa cutar da kwarin sau ɗaya: bayan an gano azurfa a Comstock a 1859, sai aka sassare dazuzzukan yankin kusan ƙarƙaf don tokare ramukan haƙar ma'adinai a Nebada. Dajin da ake ɗaukar hoto yau sabon tsiro ne, cunkusasshe, mai saurin kama wuta. Cuta ta biyu ta zo ne bayan gasar Olamfik ta hunturu da aka yi kusa da tafkin a 1960, lokacin da gidajen caca da otal-otal da unguwannin hutu suka yi ta tsirowa. Tun 1968 masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suke auna tsabtar ruwan ta hanya mai sauƙi: su zura farin faifai a igiya, su ga a wane zurfi ido zai daina hango shi. A farkon awon ana ganin faifan a kusan mita 30. A shekarun nan yana ɓacewa a wajen mita 20. Babban dalili shi ne ƙurar laka mai laushi da ruwan sama ke wankowa daga tituna da rufin gidaje da wuraren ajiye motoci.

Ganin haka ya sa jihohin biyu suka kafa hukumar tsara yankin a 1969, da amincewar majalisar dokokin tarayya. An hana zubar da ruwan ƙazanta a cikin kwarin, ko da an tace shi. Ana tura shi ne ta bututu ya haura tsauni ya fita waje. An kuma ƙayyade iya faɗin da mutum zai rufe da gini ko kwalta a fulotinsa. Masu filaye sun yi ƙara kan dakatar da gine-gine na wata 32 da aka yi a farkon shekarun 1980, suna neman diyya, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 2002 kotun ta ƙi ba su gaskiya. Ƙari a kan haka, wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar kwarin dajin gwamnatin tarayya ne. Duk waɗannan matakai daidai ne, in ba don su ba da tuni ruwan ya zama kore. Amma sakamakonsu shi ne gidajen Taho ƙidayayyu ne. Amsar da masana tattalin arziki suka saba bayarwa kan tsadar gidaje, cewa a ƙara ginawa, tana da iyaka a nan. Tukunya ɗaya ce, kuma duk wanda ya ɗebi gida don hutu ya rage rabon wanda ke neman wurin kwana.

To su wa ke ɗiba, su wa ake bari da ƙanzo? Garin da ya fi girma a bakin ruwan shi ne South Lake Tahoe, wato Kudancin Taho. A ƙidayar 2000 mutanensa sun haura 23,000. A ta 2020 sun koma 21,000 da 'yan kai, alhali gidaje ba su ragu ba, masu yawon buɗe ido kuma sai ƙaruwa suke. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na gidajen garin ba mazaunin dindindin a ciki. Ɗalibai sun ragu har aka rufe wasu makarantun firamare. Da annobar korona ta zo a 2020, ma'aikatan kamfanonin fasaha suka gano za su iya aiki daga ko'ina, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu gidajen haya da yawa suka sallami 'yan hayarsu suka sayar. Mai dafa abinci a otal, da ma'aikaciyar jinya, da malamin makaranta, da direban motar kwashe ƙanƙara, da yawansu yanzu a Carson City ko Reno ko kwarin Carson suke kwana, a can gangaren Nebada. Kullum sai sun hauro tsauni da asuba, a hanyar da ƙanƙara ke rufewa da hunturu, su zo su gyara gadon baƙi, su wuce ta gaban jerin gidajen da ke kulle, su koma da dare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan mutane sukan nuna attajirai da yatsa, don ya fi sauƙi. Gaskiya ne jaridu sun ruwaito Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya sayi gidaje biyu maƙwabtan juna a gaɓar yamma kan dala miliyan 59, kuma gaɓar Incline Village ta ɓangaren Nebada, inda jiha ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, ta daɗe da zama matattarar hamshaƙai. Amma ba malamin makarantar da ya taɓa neman hayar waɗannan fadoji. Gidan da aka ƙwace masa shi ne ɗan madaidaicin nan mai ɗaki uku a layi na biyar daga bakin ruwa, kuma wanda ya saye shi likita ne ko lauya ko injiniya daga San Faransisko ko Sakramento, mutumin kirki, mai ba da gudummawa ga ƙungiyoyin kare muhalli, wanda ya manna takardar "a kiyaye tafki" a bayan motarsa. Irinmu ne, ma'aikaci mai ilimi da ya yi aiki ya samu. Shi ya sa maganar ke da ɗaci, shi ya sa kuma ba a son yin ta.

Hujjarsa ta farko ita ce wadda kowa ya sani: kuɗina ne, halak ɗina, ban saci na kowa ba. Ban musa ba. Amma ba a taɓa samun gari a duniya da ya yarda cewa mallaka na nufin yin duk abin da aka ga dama ba, kuma mai gidan Taho ya fi kowa sanin haka, domin darajar gidansa a kan dokar hani take tsaye. An hana maƙwabcinsa gina bene mai hawa goma, an hana wani buɗe masana'anta a bakin ruwa, an kashe kuɗin jama'a ana fitar da ƙazanta bayan tsauni, shi ya sa fulotinsa yake da tsada. Wanda ke cin ribar ƙa'idar da aka ɗora wa kowa ba shi da bakin cewa kada a ɗora masa tasa. In al'umma na da ikon cewa kada ka rufe fiye da kaza na filinka da siminti saboda ruwa, tana da ikon tambayar me ya sa gidanka ke duhu saboda mutane.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Yana cewa: ina biyan harajin gida, ba ni da ɗa a makarantarku, ba na cika asibitinku, ina ɗaukar mai gyaran famfo da mai share ƙanƙara aiki, ashe ba riba nake kawo muku ba? Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a duba yadda doka ta tsara lissafin. Tun 1978 Kalifoniya ta ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin ɗari na ƙimar da aka yi masa, kuma ƙimar ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar. An kawo wannan doka da hujjar kada tsofaffi su rasa gidajensu saboda haraji, amma ba ta bambanta gidan zama da gidan hutu ba. Wanda ya sayi gidan hutu shekara talatin da suka wuce yana biyan abin da bai taka kara ya karya ba, yayin da matashiyar da ta yi ta maza ta sayi gidan zama a gefensa bana take biyan ninkin nasa. Dokar harajin tarayya kuma tana barin mutum ya cire kuɗin ruwan bashin gida daga abin da za a yi masa haraji a kai, a gidan farko da na biyu, har zuwa bashin dala 750,000. Wanda ya ba da hayar gidan hutunsa kwana 14 ko ƙasa da haka a shekara ba a karɓar haraji a kan kuɗin. Ɗan haya da ke kwana a Carson City ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan rangwame. Batun samar da aiki kuwa, aikin da gidan kulle ke samarwa aikin gadi da gyara ne, na lokaci-lokaci. Iyalin da ke zaune a gida wata goma sha biyu su ne ke riƙe kanti da kemis da gareji a watannin da baƙi ba sa zuwa, su ne kuma ke ba da 'yan sa-kai da masu zama a kwamitin makaranta. Harajin gida ba ya zuwa jana'iza.

Sai batun wuta, wanda dillali ba ya fara kawowa. A watan Yunin 2007 gobarar Angora, wadda ta tashi daga wutar da aka hura a daji ba bisa ƙa'ida ba, ta cinye gidaje fiye da 240 a gefen Kudancin Taho. A watan Agustan 2021 gobarar Caldor ta taso daga yamma, ta shafe yawancin ƙauyen Grizzly Flats, ta cinye wajen murabba'in kilomita 900, ta tsallako ƙololuwar tsauni, abin da a da ake ganin da wuya wuta ta yi. Ran 30 ga watan aka ce duk mutanen garin su fice. Motoci suka yi cirko-cirko a kan babbar hanyar da ta nufi Nebada, hayaƙi ya turnuƙe. Dubban 'yan kwana-kwana ne suka tsaya suka tare wutar, garin ya tsira. Kuɗin wannan yaƙi daga baitulmalin jiha da na tarayya ya fito, wato daga aljihun mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin tafkin ba, kuma wani babban kaso na gidajen da aka saka rayuka a haɗari don a kare, ba kowa a cikinsu. Dokar Kalifoniya ta wajabta wa mai gida a irin wannan wuri ya share busassun ganye da rassa har tazarar mita 30 daga gininsa. Aiki ne na kowace shekara, kuma ba sai an faɗa ba, wanda ke nesa da kilomita 300 ya fi saurin mantawa. Wuta kuwa in ta kama tsakar gidan da aka yi sakaci da shi, ba ta tambayar takardar mallakar na kusa.

Kamfanonin inshora sun riga kowa karanta wannan lissafi. A watan Mayun 2023 State Farm, wanda ya fi kowa yawan masu inshorar gida a Kalifoniya, ya daina karɓar sababbi a jihar. Masu gidaje a yankunan daji da yawa suka koma ga asusun FAIR, wanda aka kafa a 1968 don waɗanda kowa ya ƙi, mai tsada kuma mai ƙarancin kariya. Yadda asusun yake aiki abin lura ne: in asara ta fi ƙarfinsa, sai a raba wa sauran kamfanoni, su kuma su ɗora wani kaso a kan abokan cinikinsu. An ga haka a 2025 bayan gobarar Los Anjeles, da aka nemi kamfanonin su tara dala biliyan ɗaya. Ma'ana, haɗarin gidan da ke tsakiyar daji, ko na zama ne ko na shaƙatawa, yana iya komawa kan mai ɗan gida a tsakiyar birni wanda bai taɓa zaɓar haɗarin ba.

Shi kansa mai gidan fa, me ya samu? Ba zan daɗe a nan ba, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shekara dare 365 ce. In ya yi ƙoƙari ya kwana 40, saura 325 yana biyan bashi da haraji da inshora da wuta don ɗaki ya zauna shiru. Dole ya bar na'urar ɗumama gida a kunne, in ba haka ba ruwa ya daskare ya fasa bututu. A hunturun 2022 zuwa 2023 ƙanƙara ta zubo har rufin gine-gine ya riƙa ruftawa a yankin. Dabbobin beyar na Taho sun ƙware wajen fasa ƙofa da taga, kuma sun fi son gidan da ba motsi. Hutun da aka saya da tsada sai ya zama zuwa duba ɓarna. Ƙari a kan haka, wanda ya zuba dukiyarsa a wuri ɗaya ya ɗaure kansa: ko yana son ganin wata ƙasa bana, gidan na kiransa. Da ya kama ɗaki a otal na sati biyu, da ya sha iskar nan ɗaya, ya ga ruwan nan ɗaya, kuma gadon da ya tashi a kai wani zai kwanta gobe.

Wani mai karatu zai ce ai mu ma muna da irin wannan, gidan da ma'aikaci ke ginawa a garinsu ba a buɗe shi sai Sallah. Kamannin na sama-sama ne. Wancan gida a cikin dangi yake, galibi akwai ƙane ko gwaggo a wani sashe, mai shi yana da kabarin uba a garin, kuma filin ƙauye bai ƙare ba. In ana neman ɗan'uwan gidan Taho a wajenmu, sai a duba manyan gidajen Maitama da Asokoro da ke kulle shekara da shekaru, alhali ma'aikatan da ke tafiyar da Abuja suna fitowa daga Nyanya da Mararaba tun duhun asuba.

Ana iya yin wani abu a kai, kuma an gwada. A Suwizaland, inda suke kiran irin waɗannan gidaje "gadaje masu sanyi", wani ɗan fafutukar kare muhalli mai suna Franz Weber ya jagoranci ƙuri'ar raba gardama ran 11 ga Maris 2012. Da kashi 50.6 cikin ɗari aka amince cewa duk ƙaramar hukumar da gidajen hutu suka haura kashi 20 na gidajenta, ba za a ƙara gina sabo ba. Dokar ba ta zama waraka ba. Ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin gidaje, ana iya mayar da su na hutu, sai masu kuɗi suka juya kansu, aka ci gaba da ture 'yan gari. Kuma yankunan tsaunin da abin ya shafa, irin su Valais, su ne suka fi ƙin ta a akwati. Duk da haka ta kafa abu ɗaya a kundin tsarin mulkin ƙasar da ba wanda ke zarginta da gurguzu: yawan gidajen kulle al'amarin jama'a ne.

A Kudancin Taho an gwada sau biyu. A 2018, da tazarar ƙuri'u ƙasa da ɗari, mutanen garin suka hana ba da hayar kwana-kwana ga baƙi a unguwannin zama, irin wadda ake yi ta Airbnb. Aka yi ta shari'a har kotu ta soke dokar a 2025. A watan Nuwamban 2024 kuma aka kawo shawarar ɗora haraji kan gidan da ya wuce kwana 182 a shekara ba kowa: dala 3,000 a shekarar farko, 6,000 a masu biyowa. Ƙungiyoyin dillalan gidaje suka zuba kuɗi masu yawa wajen yaƙar ta, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a suka ƙi ta. Masu gidajen hutu suna ɗaga wannan sakamako suna cewa ga shi 'yan gari da kansu sun wanke mu. Ban raina ƙuri'ar ba, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen da aka yi, musamman na yadda hukuma za ta riƙa ƙirga dararen da mutum ya kwana a gidansa, suna da tushe. Amma a tambayi wa ya rage a garin da zai jefa ƙuri'a. Wanda ya riga ya mallaki gida, dukiyarsa tana ƙaruwa ne da tsadar da masu hutu ke jawowa. Wanda tsadar ta kora kuwa, rajistarsa ta koma Nebada tare da katifarsa. An tambayi waɗanda suka tsira ko akwai ambaliya.

Abin da ya rage a hannun hukumomi yanzu shi ne lallashi. Garin Truckee da gundumar Placer, a arewacin tafkin, suna da wani shiri da suke ba mai gidan hutu kyautar kuɗi, dubban daloli daga asusun jama'a, in ya yarda ya ba ma'aikacin yankin hayar gidansa na wasu watanni ko shekara. Kuɗin hayar nasa ne, kyautar ƙari ce a kai. An samu gidaje ta wannan hanya, kuma iyalan da suka shiga ba su da abin cewa sai godiya. Wa'adi na cika, mai gida yana da ikon karɓar makullinsa.